Rufe Watan Yuni

Talatin ga wata, goma ta gota,
Agege ta jiƙe sharkaf.
An ɗauke wuta tun la'asar,
janaretan Alhaji Barau na tari a bayan sito,
ni da kwamfuta muna kallon-kallo
kamar masu bin juna bashi.

Wake buhu ɗari huɗu ya fita,
gero tamanin da uku.
Iya Risikat ta biya har da na wancan watan.
Mai gidan abincin Ikeja ya turo rabi,
wai saura sai gosulo ya sake shi.
Na yi dariya ni kaɗai, na shigar.

Layi ɗaya ne ya ƙi kwanciya.
Tanimu mai garau-garau na gindin gada,
rabin buhu, dubu sittin da biyu da ɗari biyar,
da jan rubutu, kwana arba'in da ɗaya.
Manhaja ta ce, a tura masa tuni?

A tura ina?
Ranar sha tara muka kai shi makwanci,
ruwa na cika ramin, muna kwalfewa da bokiti.
Ni na riƙe makara ta ƙafar hagu.

Na bi gurabun allon ɗaya bayan ɗaya:
ya biya, bai biya ba, ya rage, ya maido kaya.
Babu inda aka rubuta ya rasu.

Na kira Alhaji, muryarsa cike da barci.
Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke.
Ya ce, bashi hanji ne, Gambo, yana cikin kowa.
Sauke masa, kada ya kwana da kaya a ka.
Na yafe, duniya da lahira.

Na nemi yafiya a manhajar, ban samu ba.
Ita asara take kiran abin.
To, na zuba shi a asara,
Mai babban littafi ya san gurbin da zai sa.

Sai ta tambaye ni, ka tabbata?
In an rufe ba a gyarawa.
Na ce, haka Liman ya faɗa a bakin kabari.
Na danna.

Yuli ya buɗe fari fat, ko ɗigo babu.
Na kashe janareta, na naɗe ƙafar wando,
na bi ta gindin gada.
Teburinsa na nan a kife,
wani ya ɗora dutse a kai don kada ruwa ya tafi da shi.