Goge Bakwai

Bayan la'asar Oga Filibus ya turo ƙofar sito,
ya dire tambari da tawada a gabana.
Maganin zazzaɓin yara, kwali ɗari da arba'in,
wa'adinsa ya cika tun kafin damina.
"Habila, goge bakwai ka buga tara.
Lamba ɗaya ce. Wa lamba ta taɓa kashewa?"

Benci ɗaya muke zama ran Lahadi.
Shi ya saya wa majami'a janareta,
shi ke zagayawa da faifan baiko,
Amin ɗinsa har bakin titi ake ji.

Na dubi tambarin. Bai fi goro girma ba.
Mai gidanmu a Badawa ya aiko yaronsa sau uku,
takalmin Keziya ya wage baki,
Rifkatu na auna garin tuwo da murfin kwano.
Sai zuciya ta baje kolinta:
kowa a layin nan haka yake yi,
in ka ƙi, wani zai buga kafin magariba,
kai kaɗai za ka gyara Sabon Gari?

Na daɗe ina zaton ranar gwaji
da ihu za ta zo, da hayaƙi a kan hanya,
a ce in musanta Yesu ko in mutu.
Tun ina saurayi na tanadi amsata.
Ashe da silifas take shigowa,
da murmushin ɗan'uwa da ambulan a aljihu.
Ba ta ce in musanta kowa ba.
Cewa ta yi, goge bakwai.

Sai na ga wata mata, ban san sunanta ba,
can wani ƙauye bayan Sumaila,
ta kwance bakin zane ta ƙirga canji.
Ba ta iya karanta kwali ba, ta dai yarda da mu.
Tsakar dare tana ɗura wa ɗanta cokali biyu,
tana jira jikin ya yi sanyi.
Wanda aka huda wa hannu domina
yana zaune a gefen tabarmarta,
ya ɗago kai yana kallon nawa hannun.

Ba zan yi ƙaryar jarumta ba.
Gwiwata ta yi ruwa, yawu ya ƙafe,
muryar da ta fito kamar ta ɗan tsako:
"Oga, ba zan iya ba."
Ya yi dariya. "Ka fi fasto tsarki ke nan?"
Ya miƙo tafin hannu. Na sa masa mabuɗi.

A waje Baba Tanimu mai kura ya idar da alwala.
Bai tambaye ni komai ba,
ya ɓare goro ya ba ni ɓari:
"Bakin da Allah ya tsaga, yaro."
Bai ƙarasa ba. Na san sauran.

A ƙasa na tako, ta Bata, ta titin Haɗeja,
ƴan adaidaita na yi min hon ina girgiza kai.
Rifkatu ta ji labari, ta yi shiru har tukunya ta tafasa.
Ta ce, "To."
Ta ƙara wa miya ruwa.

Yau kwana ashirin da uku.
Ba wanda ya kira ni aiki.
Ban sani ba ko wani ya buga tambarin,
wannan ke hana ni barci fiye da kuɗin haya.
Wani dare addu'ata kalma biyu ce: riƙe ni.

Jiya Lahadi faifan ya iso layinmu,
hannun Filibus ne a ƙarƙashinsa.
Na sa naira hamsin ɗina, tsohuwa, mai liƙi.
Ya kalli rufi. Na kalle shi.
Da aka ce kowa ya roƙa wa na kusa da shi alheri,
sunansa ya tsaya min a maƙogwaro kamar ƙaya.
Na runtse ido,
na ambace shi duk da haka.