Dodo Mai Hannu Takwas

Tun a waya Ximena ta ja mini kunne:
"Baba, Maite shekararta biyar kacal.
An ce akwai dodo a fim ɗin nan.
In ta firgita, ka fito da ita."
Na ce to.
Ni da na yi shekara talatin
ina sauke kaya a tashar jiragen ruwan Valparaíso,
dodon zane ne zai gagare ni?

Muka gangaro daga kan tudu
cikin tsohon akwatin nan da igiyar ƙarfe ke ja,
yana kukan tsufa irin na gwiwoyina.
Amaro na gaba, shekara tara tana fizgarsa,
Maite ta damƙe ɗan yatsana guda
kamar wani zai ƙwace mata shi.

Mai sayar da tikiti ta dube ta, ta dube ni,
ta ce, "Jiya yara uku aka fitar suna kuka."
Na sayi gugguru, ban tanka ba.

Aka kashe fitilu.
Labarin ɗan kaguwa ne da uwarsa
a gindin wani dutse, bakin teku.
Ba a jima ba ruwa ya yi baƙi,
kiɗa ya dake ni a haƙarƙari,
sai ga shi ya taso:
hannu takwas, ido kamar fitilar babbar mota,
haƙora sun yi wa bakin yawa.
Amaro ya sulale ƙarƙashin kujera,
wai igiyar takalminsa ce ta kwance.
Na juya zan sungumi Maite,
sai na tarar dariya take yi har da tari.
"Kaka," in ji ta, "to ta yaya yake sa riga?"

Na saki jiki.
Na ce ashe hargagin ne kawai.

Can tsakiyar fim, inda babu kiɗa ko kaɗan,
inda manya ke duba wayoyinsu,
uwar kaguwa ta ce wa ɗanta,
"Jira ni a nan, yanzu zan dawo."
Igiyar ruwa ta zo, ta koma.
Dutsen ya rage shi kaɗai.

Hannun Maite ya yi sanyi cikin nawa.
Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi.
Ta matso bakin kunnena:
"Yanzun nata kwana nawa ne?"

Uwarta tana arewa, wajen haƙar tagulla,
kwana goma sha huɗu can, bakwai a gida.
Kullum a bakin mota haka take ce mata.

Na raɗa mata, "Mu fita mu sha iska?"
Ta girgiza kai, idonta na kan allon.
"In muka tafi, wa zai taya shi jira?"

Muka zauna.
Gugguru ya huce a cinyata.
Uwar ta dawo daf da ƙarshe,
da ƙafa ɗaya a karye, yadda masu fim suka so.
Jama'a suka tafa. Maite ba ta tafa ba,
numfashi kawai ta sauke, mai tsawo,
irin na wanda ya ajiye buhu.

Da dare wayar ta yi ƙara.
"Yaya, Baba? Ya yi mata ban tsoro?"
Na leƙa ɗakinsu.
Amaro ya yi barci da fitila a kunne,
takalmansa ɗaure tam a bakin gado.
Maite tana tsaye kan kujera gaban kalanda,
harshe a waje, fensir ja a hannu,
tana zana ɗan kaguwa a kan ranar Alhamis.

Na ce, "Ximena, ban san amsar ba.
Bari in ba ki ita."