Tayil Goma Ranar Asabar

Shekara bakwai ina zanen bango guda
a ɗakin sama, unguwar Bonfim, birnin Porto.
Tayil ɗari huɗu, shuɗi bisa fari,
ko ƙuda ban bari ya leƙa ba.
Kullum sai in ce, "Bai nuna ba tukuna,"
ina gadin tukunyar da babu wuta ƙarƙashinta.

Sai ga ƙanena Gaspar da akwati ɗaya.
Kamfaninsa na manhajar kai burodi gida-gida
ya mutu yana da wata goma sha huɗu a duniya.
Masu jari sun zame, ya sayar da kujeru,
ya tare a falona yana shan miyata,
amma bakinsa bai karye ba.

Ya ce, "Benedita, kina gina fada,
alhali ko rumfa ba ki taɓa kafawa ba.
Gasa goma. Kai bakin kogi ran Asabar.
In faɗuwa ce, faɗi da wuri tun ƙasa na kusa,
ki karkaɗe, ki sake."
Na ce, "Karyayye ne zai koya mini tafiya?"
Ya ce, "Ai shi ya san inda ramin yake."

Na jera su a tebur ƙarƙashin gadar ƙarfe,
kogin Douro na wucewa, ko kallo ban ishe shi ba.
Gaspar ya ja layi uku a littafi:
wa ya tsaya, daƙiƙa nawa, nawa ya biya.

Asabar ta farko, biyu: kifi da kwalekwale.
Ta biyu na ƙara kifi, bakwai suka tafi.
Kafin ruwan Nuwamba ya sauko
hannuna ya iya kifi ko ido a rufe,
burushi ya daina kyarma, shuɗi ya daina zuba.
Abin da shekara bakwai suka ɓoye mini
kasuwa ta faɗa mini a mako tara.
Na biya haya. Na sayi takalmi.
Na fara tsanar kifi.

Akwai guda da ke biyo ni gida kullum:
hannun mahaifiyarmu cikin bahon wanki,
ya tsage a tanda, daga babban yatsa har wuyan hannu.
Layinsa sifili ne, sifili, sifili.
Gaspar ya ce, "Lissafi ya yi magana. Cire shi."

Ranar da zan cire shi
Dona Ermelinda mai furanni ta tsallako titi,
ta sauke kwandonta,
ta ɗora yatsa kan tsagar, ta bi ta sannu
har inda ta ƙare.
Ta ce, "Sabulun wancan zamani haka yake yi wa mutum."
Ba ta saya ba.
Minti goma sha ɗaya, in ji agogon Gaspar.
Ya riƙe biro a sama, ya rasa inda zai sa ta.

Da dare, muna wanke kwanuka, na ce,
"To, a yarenku me ake ce wa wannan?"
Ya daɗe yana goge faranti ɗaya.
Ya ce, "Juya akala."
Ya ja layi na huɗu, bai raɗa masa suna ba.

Yanzu ma goma nake gasawa.
Kifi shida, su ke ciyar da tanda.
Hannaye huɗu: na mai ɗinkin raga a Afurada,
na direban tarago, na Ermelinda,
da nawa, wanda har yau ban iya ba.
In ɗaya ya tsage ina rubuta zafin wuta da ranar,
ba na kuka kamar da.

Bangon sama kuwa na kwance shi.
Ɗari uku a ciki ba zane ba ne,
tsoro ne na shafa wa fenti.

Gaspar ya sami aiki a Braga, ya bar mini littafin.
Gobe Asabar. An ce za a yi ruwa.
Na naɗe su da tsohuwar jarida,
na sa mai tsagar a sama.