Kafar Allura

Ba ni na ƙera gwangwanin ba.
Ajidan Nomau ya raba mana ran Litinin,
kowa guda, baƙi, bai fi gaɓar rake ba.
Ya ce, wannan ya fi kulki mutunci,
ba ya fasa kai, ba ya barin tabo,
likita ma ba zai sami abin rubutawa ba.
Na rataya shi a ɗamara, kusa da makullai.

Daren Alhamis wuta ta ɗauke.
Bazara ta kifa Maradi kamar tukunya a murhu,
ko ganyen bedi bai motsa ba.
Ɗaki na huɗu, don mutum ashirin aka gina shi,
saba'in da uku na ƙirga da fitila.
Ruwan jarkarsu ya ƙare tun la'asar.

Suka hau bugun ƙofa
da kwano, da gwiwa, da tafin hannu:
Gardi, ruwa! Gardi, wani ya suma!
Sauran sun tafi shan shayi bakin titi,
ni kaɗai, ƙarfe na rawa a gabana.
Gaskiya ɗaya ce, tsoro na ji.
Na buɗe 'yar kafar da muke miƙa tuwo,
na zura hannu, na kau da kai, na danna.
Ban ƙirga ba.

Bugu ya tsaya, tari ya karɓa.
Gidan kaso ya kwana yana tari,
har ladanin Mokoyo ya yi kira a kansa.

Fuskar da ke bakin kafar ta Barmu ce,
tela, ɗan Bagalam,
wata tara yana jiran alƙali kan shaddar wani attajiri.
Shi ba bugu yake ba.
Iska yake sha ta tsagar ƙofa,
wurin da ya saya da furarsa ta kwana biyu.
Shi ya rage mini wandon kaki.
Shi ya ɗinka wa ɗiyata rigar salla,
ko dala bai karɓa ba.

Da safe na sauka aiki,
na wanke hannu sau biyu da sabulu.
A gida Rahamu ta rugo,
na ɗaga ta, na share mata kwantsa da babban yatsa.
Ihunta ya watsa kajin maƙwabta.
Cima ta fizge ta, ta tsiyaya mata nono a ido,
tana cewa, tonka ka taɓa?
Ina ka ci yaji da sassafen nan?
Na ce, wurin aiki.
Ba ta ƙara ba.
Sai dai tun ranar butata daban take.

A littafin dare layi ɗaya ne:
an yi hayaniya, an kwantar.
Ajidan ya sa hannu, ya dafa kafaɗata.

Kwana biyar, na ga Barmu a gindin katanga,
idanu jajur kamar gauta ta nuna,
rigar ajidan a cinyarsa, maɓalli ya fita.
Ya lashi zare, ya nufi kafa, ya wuce.
Ya ƙara lasa, ya wuce.
Wannan karon na ƙirga: bakwai.

Ya san takuna, bai ɗaga kai ba.
Ya miƙo allura sama kaɗan da inda nake.
Gardi, zura mini.

Na tsuguna.
Gwangwani ya bugi makullai, ya yi ƙara,
na ga kafaɗarsa ta zabura, ta koma.
Hannun da ya sami kafar ƙofa cikin duhu
ga shi da rana tsaka yana rawa,
zare na lanƙwashewa, yana komowa wurina.

Barmu ya goge hawayen da ba na kuka ba
da gefen rigar ajidan.
Ya ce, yi a hankali.
Ni ba inda za ni.