Tukunyar Kife

Saƙon Rumasa'u ya shigo bayan la'asar,
murya ce, minti bakwai cur,
a bayanta ana jin ruwan saman wata ƙasa.
"Umma, don Allah ki gwada.
Abincin mutanen nan Turkiyya ne,
shinkafa da baƙin yalo, a kife ake sauke ta."

A kife?
Ni da na shekara talatin
ina tsare tukunya kada ta kife.

Washegari na faɗa kasuwar Sabon Gari.
Mai kayan miya ya ɗago gauta, na girgiza kai.
Ya ɗago data, na ce ba ita ba.
Ya ce, "Hajiya, mai launin makuba kike nema,
wannan sai Samaru."
Can na same shi, a bakin titin jami'a,
guda huɗu, suna ƙyalli kamar an shafe su da man shanu.
Kuɗin rabin kaza na ajiye,
ban faɗa wa kowa ba.

A gida na yanka shi falle-falle,
na barbaɗe shi da gishiri.
Ta ce, "Ki bar shi ya yi hawaye, ɗacin zai fita."
Na ja kujera 'yar tsugunno
ina kallonsa yana tsattsafo da baƙin ruwa.
Shekara biyu ke nan rabona da ita.
Ban taya shi ba. Albasa ce ta shiga idona.

Man zaitun ta ce,
man gyaɗan Inna Gambo na zuba.
Kirfa akwai, masoro akwai.
Wani abu da ta ambata,
sau uku na mai da muryar baya, harshena ya ƙi ɗauka,
sai na jefa kanumfari biyu, na ce su wakilce shi.

Naman rago a can ƙasa.
Tumatir a kansa.
Yalon na jera a jikin tukunya
kamar mai yaɓen ɗaki kafin damina.
Sannan shinkafa, 'yar gida,
wadda na tsince wa tsakuwa da hannuna,
sai romo, a hankali, ta gefe.

"Kada ki juya, Umma."
Nan ne wuyar take.
Hannuna ya tafi wajen muciya,
na dawo da shi.
Ya sake tafiya.

Malam Haladu ya leƙo daga zaure,
hancinsa ya riga shi shigowa:
"Yau kuma wace ƙasa za a kai mu?"
Na ce ya je ya yi magariba tukuna.

Da ta tsotse, na ɗauko babban tiren aurena,
na rufe bakin tukunya,
na yi bisimilla da ƙarfi, har kaji suka watse,
na kife.
Na ƙwanƙwasa gindinta da ludayi
kamar mai sallama a gidan da bai sani ba.
Na ɗaga.

Ta tsaya!
To, gefe guda ya tsaya.
Ɗayan ya zube, tururi na tashi,
sak ganuwar birni ta wajen Ƙofar Gayan.

Malam ya ci bai ce uffan ba,
ya miƙa hannu ga yaji, ya ƙara loma.
Autana Mudi ya tafi da tukunya bayan ɗaki,
ina jin ƙarar cokali yana bin ƙanzo.

Na aika mata hoton ɓangaren da bai rushe ba.

Sai da dare ya raba amsa ta zo.
Dariya da fari.
Sannan hoto: wata 'yar tukunya a bakin taga,
miyar kuka tsararo, ba daddawa,
da wani farin abu da ke son zama tuwo.
A ƙasa ta rubuta, "Umma, nawa bai yi ba."

Na danna, na kai waya bakina:
"Ki rage wuta.
Ki kaɗa, kada ki daina kaɗawa."