Kilomita Ɗaya

Kullum da safe sai na rubuta wa kaina takardar izini.
Ni ce mai roƙo, ni ce mai sa hannu:
suna, ranar haihuwa, ƙarfe nawa, ina za ki?
Shekara saba'in da takwas ina taka titin nan,
yau ga ni ina nema wa ƙafata hujja.

An ce awa ɗaya. An ce kilomita ɗaya.
Jikata Maëlys ta zana mini da'ira a waya, daga Lyon,
ta ce, "Kaka, nan duniyarki ta tsaya."
Cikin da'irar akwai gidan burodi, akwai famfon dandali,
da cocin da agogonsa ke makara da minti huɗu.
Maƙabarta ce ta faɗa waje, da taku ɗari biyu.
Kai Anselme, ko a mace sai ka yi nisa da gida!

Gaspard ya rataya labulen leda tsakaninsa da mu,
yana miƙo burodi a bakin sandar tanderu
kamar mai ciyar da zaki.
Mu biyar a layi,
tsakanin kowa da kowa saniya za ta kwanta ta miƙe ƙafa.
Da can sai an sumbaci kunci sau uku kafin ina kwana,
yanzu gira ce ke gaisuwa
bisa ƙyallen da aka yanko daga tsohon zanen gado.

Kujerun gidan gahawa sun hau kan juna, ƙafafu sama.
Filin da dattawa ke jifan ƙwallon ƙarfe ya tsiro ciyawa.
Ran Talata wata barewa ta tsaya ƙofar magajin gari,
ta dubi tuta, ba ta da takarda,
ta wuce abinta.

Ran Juma'a ƙararrawa ta buga wa Léonce makanike.
Mutum goma aka yarje wa su raka shi,
shi da ba taraktar da bai shiga ƙarƙashinta ba a kwarin nan.
Sauranmu muka tsaya a tagogi
har baƙar motar ta sha kwana.
Na ajiye kukan, don ba kafaɗar da zan zuba shi.

Iyakata ita ce gadar dutse.
Nan nake tsayawa in hango katangar masu barci,
in ba Anselme labarin farashin man shanu.
Jiya na hango jar hula tsakanin kaburbura,
da butar ban ruwa, da tafiyar nan ta agwagwa.
Fernande.
Shekara goma sha tara ba mu ga maciji,
a kan layi biyu na inabi da kakanninmu suka kasa rabawa.
Gidanta na can gangare, da'irarta ta haɗiye mijina.

Ta sauko gada, ta tsaya nesa.
Tazarar da gwamnati ta umarta
mu mun daɗe da ƙwarewa a kanta.
Ta ce, "Furanninsa sun ji ƙishi."
Na ce, "Ba sa son ruwa da yawa."
Ta ce, "Na sani. Na ga yadda kike yi."
Kogi ya ƙarasa mana sauran zancen.

Yau na tashi tun kaji ba su sauko ba,
na naɗe ƙwai shida a tsumma,
zan ajiye a kan dutsen gada, ta ɓangarenta.
Na ɗauko takarda, na duba dalilan fita:
cefane, asibiti, aiki, motsa jiki.
Babu gurbin wannan.
Na jiƙa bakin fensir da yawu,
na zaɓi motsa jiki,
na sa hannu.