Tamma a Cikin Gwangwani

Bayan isha'i na kashe murhu,
na kife benci, na zube gwangwani bisa buhu.
Kuɗin mai shayi ba su da kwalliya:
dala biyar mai maiƙon ƙosai,
dala goma da ta sha hannu har fuskarta ta shafe.
Ƴan dala ashirin nake jerawa goma-goma,
jikka guda, jikka biyu,
ta ukun ta ƙi cika, kamar jiya.

Sai guda ta suɓuce ta faɗi kan dutse.
Sauran in sun faɗi, tak suke cewa, su yi shiru.
Wannan ta yi guɗa,
siririya, doguwa,
har kare ya ɗaga kunne a ƙofar Ɗan-Jimo.

Na goge ta da toka da yawu.
Ga wata mace, gashi na tashi a iska,
tana watsa iri, rana na fitowa bayanta.
Na ce, baiwar Allah, a kan duwatsun Damagaram za ki shuka?
A gefe, ɗan rami da aka huda da ƙusa,
dauɗa ta toshe shi.

Da safe na bar wa yaro tukunya,
na gangara Zango wurin Agali maƙerin fari.
Bai ɗora ta a ma'auni ba, ya ɗora ta a harshe.
Ya ce, azurfa ce, tamma biyu ta zamanin Nasara,
ta girmi ubanka, ta girmi kwaltar nan.
Ramin kuwa na kitso ne,
wata ta ɗaura ta a goshi ta je biki.
Ya faɗi kuɗi. Na yi tari.
Ya ƙara. Ya ce zobe biyu za ta yi in ta ga wuta.
Na karɓe abata, na ce bari in yi shawara.

To, shawara da wa?
Cinikin kwana huɗu ke nan a tafin hannuna,
ga bashin madara, ga takalmin Barira na lakwal.
Amma kofi guda na sayar,
ba goshin kakar wani ba.

Na yi kuskure na faɗa a benci.
Kafin shayi ya huce ta yi iyaye uku.
Zangina mai kabu-kabu ya rantse tasa ce.
Na ce, me ke jikinta? Ya ce raƙumi.
Kyari tela ya ce doki.
Na ukun ya ce a nuna masa tukuna, idonsa ba ya mantuwa.
Aka yi dariya, aka watse, biyu ba su biya ba.

Mutum guda ne bai ce komai ba:
Baba Ma'azu, tsohon mai gadin kasuwar Dole,
wanda ya binne matarsa bayan ƙaramar salla.
Ya sha nasa ba burodi,
ya laluba aljihu na dama, na hagu, ya sake na dama,
ya ce rubuta.
Ni kuwa ban iya rubutu ba, ya sani.

Ban tambaye shi ba.
In mantuwa ce, zan fama masa miki.
In da saninsa ya miƙo ta cikin duhun asuba,
tambayar ta fi yunwar ciwo.

Yanzu tana ƙulle a bakin zanen tebur.
Kullum in ya zo ina cika masa kofi har baki,
in ce akwai canjinka a wurina, Baba.
Ya ce na nawa?
In ce da saura.

Agali ya aiko sau biyu.
Barira na tafiya lakwal da silifa ɗaure da waya,
uwarta ta daina yi mini magana sai da gira.
Da dare in na gama ƙirga,
nakan kwance ƙullin, in sake ta kan dutsen
sau ɗaya tak,
in ji ta.